Kafin ka sayi katin hoto, ka tuna da wutar gidanka

Da yawa daga cikinku, ƴan kasuwa da ma'aikata, ƴaƴanku sun matsa muku a kan kwamfutar wasanni, wadda muka fi sani da ordinatar. Yaro ya ci jarrabawar BEPC ko BAC, an yi masa alkawari, alhali albashi ɗaya ne, ga buhun shinkafa da kuɗin lakkol suna jira. To, kafin mahaifi ya nufi shagunan kayan ofis da na kwamfuta na wajen shataletalen Maourey, ya kamata ya san inda zai fara zuba jikkunansa.

Yaro zai ce a fara da katin hoto, domin shi ne ke zana ƴan wasa a cikin eFootball ko EA Sports FC. Yana da gaskiya, amma gaskiyar ƙasashen sanyi ce, inda wuta ba ta ƙiftawa. A Yamai, zafin watan Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, hunturu yana cusa ƙura cikin kowace kafa, wutar Nigelec kuma takan ɗauke ta dawo da ƙarfi. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta, ba ta maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Saboda haka kuɗin farko na ondilar ne, wato akwatin batirin da ke riƙe na'ura idan wuta ta ɗauke. A lura, mai lamba 650 VA ba ya ba da wat 650. Abin da yake iya ɗauka bai kai wat 400 ba. Na'urar wasa tare da allonta ta fi samun kwanciyar hankali da mai 1000 VA.

Na biyu shi ne akwatin da ke raba wuta a cikin na'urar, wanda masu shago ke kira alimantasiyo. Nan ne aka fi yin tsimi, nan ne kuma asara ta fi shigowa, domin idan ya ƙone yana iya tafiya da sauran kayan. A nemi na sanannen kamfani, mai hatimin 80 Plus, wat 500 zuwa 550. Araha ba ta ado.

Sai ƙwaƙwalwa, wato purosesar. Ga mai ƙaramin ƙarfi, Ryzen 5 5600G na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2021, yana da nasa sashen hoto a ciki. Da shi kaɗai yaro zai buga ƙwallo ko GTA V idan ya rage ƙawar hoton, a ƙara kati daga baya in hali ya samu. Amma Ryzen 5 5600 da babu harafin G, da Core i3-12100F na Intel mai harafin F, ba su nuna komai a allo sai da kati. Harafi ɗaya yana iya sa mutum ya koma kasuwa da fushi. Kuma kowace ƙwaƙwalwa da irin mazauninta a kan babban faifan da ake kira karte mer: Ryzen ɗin nan mazaunin AM4 yake so, da RAM irin DDR4. A sa sanda biyu masu giga 8, domin sun fi sanda ɗaya mai 16 sauri, musamman idan babu katin hoto. Wurin ajiya kuwa, SSD mai giga 500 ya isa farawa.

Idan kuɗi sun rage, RX 6600 mai giga 8 kati ne nagari, wat 132 yake ci. Na hannu kuma sai an yi hattara. Tun watan Satumba na 2022, da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da irin waɗannan katuna, waɗanda suka yi aiki dare da rana sun cika kasuwannin duniya. Kada a biya sai an kunna wasa a gaban mai shago na rabin awa, an saurari fanka, an karɓi rasit mai lambar kayan da wa'adin garanti.

Akwai masu sayen tsohuwar kwamfutar ofis, Dell OptiPlex ko HP, su ƙara mata kati. Dabara ce mai kyau, sai dai ƙananan akwatunan siririn kati kaɗai suke karɓa, wutarsu ma kaɗan ce. Haka nan Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa yana neman Intel na zubi na 8 zuwa sama. Ma'aikacin da zai riƙa buga takardunsa a kan na'urar da dare ya duba wannan.

Daga ƙarshe, a ɗora akwatin bisa tebur, nesa da ƙasa da taga, a hure masa ƙura kowane wata. Na'ura matsakaiciya da ta shekara biyar tana aiki ta fi mai tsada da ta mutu a bazarar farko. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.