Wa ya ba kwamfutar tebur izinin barci?

A watan Maris na 2018, da aka fitar da GNOME 3.28, masu gina shi suka yanke hukunci a madadin kowa: duk kwamfutar da ta yi minti 20 ba a taɓa madannanta ko linzaminta ba, ta kwanta barci, ko da kuwa tana jone da wutar bango. Debian 10 ta 2019 ta gaji wannan hali, a Fedora 38 ta 2023 kuwa wa'adin minti 15 ne. Hujjarsu ita ce ƙa'idojin tsimin lantarki irin na Tarayyar Turai da na Energy Star. Ba ni da ja da tsimi. Abin da nake ja da shi shi ne ma'aunin da aka auna zaman banza da shi.

A wurin GNOME, aiki shi ne motsin yatsa. Idan ɗalibi ya shiga na'urar daga nesa ta SSH yana kwasar fayiloli, ko wani shiri yana can yana tsara dubban kalmomi don ƙamus, wannan duk ba aiki ba ne a idonsa, tunda ba wanda ke zaune a kan kujera. Kamar maigida ne ya leƙa kicin, bai ga mai girki ba, sai ya kashe wutar tukunya.

Na ɗanɗana wannan da kaina. Muna da tsohuwar kwamfuta a ɗakin karatu wadda muke ajiye sautukan hira da dattawa a cikinta, ɗalibai su saurara daga nasu na'urorin don koyon karin sauti da tsawon wasali. Na shiga saituna na kashe barcin, na tafi gida hankalina kwance. Da dare aka ɗauke wuta, aka dawo da ita, na'urar ta tashi ta tsaya a shafin shiga, bayan minti 20 ta sake kwanciya. Washegari ɗalibai suka tarar da shiru. Ashe shafin shiga, wato GDM, yana da nasa saitin daban, kuma babu maɓallinsa a tagar saitunan da mai amfani yake gani. Wannan ne ya fi ɓata mini rai. Ka ce wa na'ura kada ta yi barci, ta amsa, sannan ta yi shi a bayan idonka. Manhajar da take tinƙaho da ƴancin mai amfani bai kamata ta ɓoye irin wannan ba.

Masu kare tsarin za su ce barcin ba ya ɓata komai, da ka taɓa madanni aiki zai dawo inda ka bar shi. Haka ne a inda wuta ba ta ƙiftawa. Amma a wannan barci aikin yana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda ba ta riƙe komai sai da lantarki. Kwamfutar cinya tana da batir, ta tebur ba ta da shi. A garuruwanmu, inda ɗauke wuta ba labari ba ne, nan ne ake gane ma'anar barci ƙanin mutuwa. Ga kuma na'urorin da ba sa farkawa lafiya, musamman masu katin hoto na NVIDIA, allo ya yi baƙi sai an kashe da ƙarfi.

Maganin ba shi da wuya, wuyar ita ce sanin inda yake. Ga asusunka kaɗai:

gsettings set org.gnome.settings-daemon.plugins.power sleep-inactive-ac-type 'nothing'

A Debian, saitin shafin shiga yana cikin /etc/gdm3/greeter.dconf-defaults, can ma sai a mai da wannan layi zuwa 'nothing'. Wanda kuma na'urarsa hidimar jama'a take yi dare da rana, ya toshe ƙofar gaba ɗaya:

sudo systemctl mask sleep.target suspend.target hibernate.target hybrid-sleep.target

Sai dai ban yarda da masu ba kowa wannan umarni na ƙarshe ba tare da tambayar irin na'urarsa ba. A kwamfutar cinya, hana barci yana nufin ka rufe murfi, ka cusa ta a jaka, tana ci gaba da zafi har batir ya ƙare. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan. Idan aiki guda ne mai tsawo, systemd-inhibit ya isa, yana hana barci har aikin ya kammala. Allon kuwa a bar shi ya riƙa mutuwa da kansa, wannan tsimi ne da ba ya katse wa kowa aiki.

Abin da nake nema daga masu shirya waɗannan manhajoji ƙarami ne. A lokacin girkawa ana tambayarmu harshe, da yankin agogo, da tsarin madannai, har da sunan da za mu raɗa wa na'urar. A ƙara tambaya ɗaya a kan barci, kuma amsar ta shafi shafin shiga ma.