Rangwamen Haraji Ba Ya Riƙe Baƙo

Gudun haraji ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A zamanin Turawa talakawa da yawa sun ƙetaro daga ƙasar Faransi zuwa lardunan Katsina da Sakkwato saboda nauyin haraji da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Fulani kuma, da sun ji an fara ƙirgar jangali, sai su kora shanu wata gunduma. Yanzu manyan attajirai ne ke wannan ƙaura, gwamnatoci kuwa su ne ke yafito su.

Tun 1958 aka yi doka a Nijeriya ta yafe wa sababbin masana'antu harajin riba har shekara 5. A 1992 aka kafa hukumar yankunan ciniki marasa haraji, aka buɗe ɗaya a Kalaba, ɗaya a Kano. Matatar man Ɗangote da aka ƙaddamar a 2023 tana cikin irin wannan yanki a Lekki ta Jihar Legas. To, sai mu ji wasu na cewa mu ma a Zamfara a yafe haraji, masu injin shinkafa za su kwararo Talata Mafara da Bakura da Faru.

Mu dai ba mu yarda ba. Ba rangwame kaɗai ya kai matatar nan Lekki ba, akwai teku a bakinta inda jirage ke tsayawa. Haka masaƙar Gusau, auduga ce ta jawo ta, da hanyar jirgin ƙasa wadda ta iso garin. Sa'ad da wutar lantarki ta yi ƙaranci, yadin fasa-ƙwauri ya cika kasuwa, masaƙun Arewa suka rufe ɗaya bayan ɗaya, har da ta Kaduna wadda aka buɗe a 1957. Wane rangwame ne zai tsai da su? Mai kuɗi yana tambayar hanya, da wuta, da ruwa, da zaman lafiya, da yaran da suka iya aiki. Wanda araha kaɗai ta kawo shi, ran da ya ji wata arahar gaba sai ya naɗe tabarmarsa.

Ruwa dai muna da shi, ga madatsar Bakolori tun 1978. Sauran kuwa da kuɗin haraji ake yinsu. Tsofaffin malamai sun sani, da harajin talakawa Baitulmalin En'e ya gina makarantun elementare, ya biya albashi. Duk nairar da aka yafe wa attajiri, daga aljihun wani aji aka zare ta. In mun rage wa makaranta domin mu kira mai masana'anta, zai zo ya tarar ba akawu, ba makaniki, sai ya ɗauko nasa daga nesa.

Saboda haka, ku ma'aikatan ƙananan hukumomi, in takardar neman rangwame ta zo hannunku, ku tambaya a rubuce: shekara nawa za a yafe, 'ya'yanmu nawa zai ɗauka aiki, nawa zai koya wa sana'a, me kuma zai bari in ya tashi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ku kuma malamai, ku dage da koyar da lissafi da aikin hannu, gama su ne jarin da ba ya ƙaura. Allah ya sa mu dace, amin.