Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Wa Ke Cin Moriyar Giwayen Mole?

Duk taron da za a yi a Tamale kan yawon buɗe ido, sai wani mai babbar riga ya miƙe ya ce baƙi ne za su ceci dajinmu: a gina otal, a gyara hanya, Turawa su zo su ɗauki hoton giwa, shi ke nan namun daji sun tsira. Ni dai ban yarda ba. Kyamarar baƙo ba ta taɓa hana zarto cin itace ba.

Mu ɗauki gandun dajin Mole, mafi girma a Ghana, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500. An keɓe shi a 1958, aka tashi ƙauyukan da ke cikinsa, ya zama gandun ƙasa a 1971. Akwai giwa, ɓauna, gwanki, gadu da tsuntsaye fiye da iri 300, kuma baƙi sun daɗe suna zuwa. To, ina zaki? Masu bincike sun kafa kyamarori a dajin tsakanin 2006 da 2009, ba su ga ko ɗaya ba. Otal na nan, baƙi na nan, zaki ya ɓace.

Sai aka ce ai rashin hanya ne ke hana kuɗi shigowa. A 2015 aka kammala titin Fufulso zuwa Sawla, tafiya Mole ta yi sauƙi. Amma a waɗannan shekarun ne manyan motoci suka riƙa kwasar gungumen madobiya daga dazuzzukan arewa zuwa tashar jirgin ruwa ta Tema, daga can sai ƙasar Sin. Ƙungiyar EIA ta ƙiyasta a 2019 cewa an sare bishiyoyi kusan miliyan 6 tun daga 2012, duk da haramcin da gwamnati ta sha sanyawa. Titin da ya kawo baƙo, shi ya fitar da gungume.

Ƙauyuka fiye da 30 ne ke kewaye da Mole. Wani manomi daga can ya taɓa bugo waya a shirina, ya ce a dare ɗaya giwaye suka cinye masa gonar masara. Ƙorafinsa shi ne: idan baƙo ya zo, giwa dukiyar ƙasa ce, idan ta shiga gonarsa kuwa, sai a ce masa ƙaddara ce. Don Allah, da wane baki za ka hana mutumin nan ɗana tarko? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada a yi mini mummunar fahimta, ba gaba nake yi da baƙi ba. Je ka Wechiau a jihar Upper West. A 1998 sarakunan yankin suka keɓe kilomita 40 na gaɓar Baƙar Volta domin dorina, ƙauyuka 17 kuma suka riƙe ragamar da kansu. An samu rijiyoyin burtsatse da makarantu, matan yankin suka kafa ƙungiyar tattara ƙwarar kaɗanya, har aikin ya ci kyautar Equator ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2008. Dorinar Wechiau ba hoto ya kare ta ba. Masunci ne ya ga amfaninta a tukunyar gidansa.

Darasi na biyu kuma ya zo a 2020, da annobar korona ta sa aka rufe iyakokin Ghana. Baƙi suka ɗauke ƙafa, amma kaɗanya ba ta fasa 'ya'ya ba. Duk dajin da ya dogara da tikitin jirgin sama kaɗai, ranar da jirgi ya daina sauka ya zama maraya.

Saboda haka ga buƙatata. Hukumar Kula da Gandun Daji ta riƙa bayyana wa jama'a nawa ake karɓa a ƙofar Mole kowace shekara, nawa kuma ke komawa Larabanga da Mognori da maƙwabtansu. A samar da diyya ga manomin da giwa ta yi wa ɓarna. Tsarin CREMA, wanda ke ba ƙauyuka ikon kula da albarkatun yankinsu, a ba shi kuɗi da haƙora, ya daina zama allo a bakin titi.

Amma fa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Buhun gawayin da muke saye a Tamale ba daga sama ya faɗo ba, wani lokaci ma kaɗanyar da ke ciyar da matan ƙauye ce aka ƙone. Kafin mu je Mole mu yi hoto da giwa ranar sallah, kowa ya fara leƙa murhun gidansa.