Masu bincike, ku biyo hanyar Damargu

Jama'a, Damargu rumbun gero ne, amma ku tambayi dattawan Falanko rabonsu da ganin jimina ko garken barewa. Tun farin 1973 da na 1984 daji ke ja da baya. Ni a ganina, aikin Jami'ar André Salifou ta Damagaram a nan yake. Ɗalibin da ke nazarin sauyin yanayi ya baro aji, ya zauna da makiyayan Tanut da Balbeji, su da suka san sunan kowace ciyawa da lokacin da ta ɓace. In ya gama, ya dawo ya faɗa musu sakamakon da Hausa. Malamai, ku turo ɗalibai tun dattawan nan suna raye.