MASAUKIN BAƘI NA SAWAKIN: ISHARA GA KANKIYA DA KUSADA

Kowa ya tashi a gaban tsofaffin alhazan nan da suka sauke farali tun ana tafiya a ƙasa, lalle ya ji sunan Sawakin a bakinsu. Gari ne na ƙasar Sudan a bakin Bahar Maliya, inda matafiyi ke ajiye sandarsa ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. A garin nan akwai wani babban masaukin baƙi, irin abin da yau muke kira otel, wanda ya yi suna ƙwarai a zamaninsa, amma yanzu ya zama kango. Muna so mu ba da labarinsa, domin akwai ishara a ciki ga mutanen Kankiya da Kusada, tun ba malaman makaranta da akawunan hukuma ba.

Mutanenmu sun daɗe da sanin hanyar nan. Maniyyaci yakan tashi daga ƙasar Katsina ya bi Kano da Barno, ya ratsa Wadai da Darfur, har ya kai Kogin Nilu. Waɗansu sukan shekara biyu ko uku a hanya, suna noma suna ƙodago don neman guzuri, waɗansu kuwa can suka zauna, jikokinsu na nan a Sudan har yau. Wani Bature matafiyi, Burckhardt, ya isa Sawakin a 1814 cikin ayarin da ke ɗauke da Takari, watau alhazan ƙasashenmu na yamma, ya kuwa rubuta labarinsu. Ashe ke nan tarihin garin nan ba na Sudan kaɗai ba ne, da rabonmu a ciki.

Tsohon garin a kan wani ɗan tsibiri yake, sa'an nan ga wata unguwa a gaɓar tudu. Turkawa sun mallake shi tun ƙarni na 16, a 1865 kuma ya koma hannun Masar. Da aka buɗe mashigin Suez a 1869 sai ciniki ya bunƙasa, jirage na sauke tufafi da sukari, raƙuma na kawo ƙaro da hauren giwa da fatu daga cikin ƙasa. Cikin wannan yalwa ne wani attajiri, Shinnawi Bey, ya gina masaukinsa a 1881. Larabawa suna kiran irin wannan gida wakala. Fili ne babba a tsakiya inda raƙuma ke durƙusawa a sauke musu kaya, ɗakunan ajiya sun kewaye shi a ƙasa, ɗakunan kwana a bisa bene. Babu ginin da ya kai shi girma a garin. Baƙo ya sami wurin kwana, ya sami ma'ajin dukiyarsa, ya sami mai saye, duk a gida guda.

To, me ya kashe shi? Garin ya sha yaƙi a zamanin Mahadi, sa'ad da Usman Digna ya tsare hanyoyinsa, amma ya tsira. Abin da yaƙi ya kāsa, canjin hanya ya yi shi. Mashigar ruwan Sawakin ƙunci gare ta, ga duwatsun murjani, manyan jiragen zamani ba su iya shiga sai da wahala. Saboda haka Turawan Ingila suka fara gina sabuwar tasha a 1905, wajen kilomita 60 arewa da garin, aka buɗe ta a 1909, aka sa mata suna Port Sudan. Ofisoshin gwamnati suka tashi, kamfanoni suka bi su, attajirai suka kulle gidajensu. Alhazai sun ci gaba da ƙetarewa ta nan, amma alhaji ɗan wucewa ne, ba shi ne zai gyara soron wani ba.

Gine-ginen Sawakin da dutsen murjani aka yi su, wanda ake haƙowa daga teku. Dutse ne mai kyan gani, amma ba ya jure wa iskar gishiri sai ana shafe shi da farar ƙasa a kai a kai. Duk mai gidan ƙasa a ƙasar Hausa ya san wannan hali: soron da aka bar yi wa yaɓe damina uku, ba sai an kai masa gatari ba. Haka benayen nan suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har masaukin Shinnawi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Daga baya Turkiyya ta gyara waɗansu masallatai biyu da gidan kwastan, shugabanta kuma ya ziyarci tsibirin a Disamba 1917 da ɗari, watau 2017, aka yi alkawarin ƙarin gyara. Amma yawancin garin ya riga ya kwanta.

Abin da muke so malamai su lura da shi shi ne wannan. Kamannin gidajen nan da muka sani a yau, da yawa daga aikin wani malamin makaranta muka same su. Sunansa Greenlaw, yana koyar da zane a Khartum. Ya je ya auna gine-ginen tun suna tsaye, ya zana ƙofofi da tagogi da tsarin ɗakuna, aka buga littafinsa a 1976. Bai da ikon hana bango faɗuwa, amma yana da fensir da takarda. Masu gyara a yau da zanensa suke aiki.

Yanzu mu dawo gida. Kankiya da Kusada ba su bakin teku, amma a kan hanya suke, kuma da hanya suka ci abinci. Tsakanin Kano da Katsina ayari ba ya yin kwana guda, dole ya ya da zango. Fatake da jakunansu, Buzaye da raƙuman gishiri da kanwa, masu koren shanu zuwa kudu, da almajirai da maniyyata, duk sun kwana a garuruwan nan. Masaukinsu shi ne zangon bayan gari da zauren fatoma. Aikin fatoma kuwa daidai yake da na mai wakala: ya saukar da baƙo, ya ba shi tuwo, ya adana kayansa, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in rigima ta taso. Da wannan amana Hausawa suka kafa zango a Salaga da Kumasi, da Sabo na Ibadan, da Agege kusa da Ikko.

Da Turawa suka zo sai aka ƙara wani irin masauki, watau bariki, inda Razdan da Di'o ke sauka in sun fito rangadi. Talakawa ne suka gina shi da guminsu, sarkin bariki ke tsaronsa. A nan aka ƙirga haraji da jangali, a nan aka saurari ƙara, a nan aka yanke iyakar ƙauyuka. Ba duk abin da ya faru a bariki ne mai daɗin tunawa ba, amma tarihi ba a tsince masa zaƙi a zubar da ɗaci.

Canjin hanya ma mun san shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya wani reshe ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa zuwa Gusau, bai taɓa birnin Katsina ba, ciniki ya bi dogo. Mota ta zo ta mai da tafiyar kwanaki ta zama ta sa'o'i, baƙon da dā zai kwana Yashe ko Kankiya yanzu sai ya sha ruwa ya wuce. Ga kuma sabon dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, an shata shi ta Kazaure da Daura da Mashi, ba ta Kankiya ba. Ba mu ƙin ci gaba, muna maraba da shi. Sai dai duk sa'ad da hanya ta kauce ko ta faɗaɗa, tsohon zaure ne ke fara tafiya, a mai da zango filotai, a manta har sunansa. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Wani zai ce, ana fama da asibiti da ruwan sha, wa ke da kuɗin gyaran kango? Maganarsa tana da ƙarfi, ba mu kuwa ce a ɗebi kuɗin magani a sayi yaɓe ba. Abin da muke roƙo ba ya cin kuɗi sai kaɗan.

Na farko, kowane hedimasta a ƙasar Kankiya da Kusada ya fita da 'yan babban aji su tambayi dattawa: ina zangon garin nan yake, gidan wa fatake ke sauka, ina bariki, wace rijiya ayari ke sha? A auna wurin, a zana shi, a ɗauki hotonsa, a rubuta sunan wanda ya ba da labari da ranar da ya bayar. Tun da an maido da darasin tarihi a makarantu, babu darasin da ya fi wannan kama zuciyar yaro.

Na biyu, akawunan ƙananan hukumomi, waɗanda suka gāji ofisoshin En'e tun gyaran 1976, su duba tsofaffin fayiloli kafin gara ta gama da su. Littafin haraji da takardar kasuwa da taswirar gunduma ba tarkace ba ne. A jera su, a aika da kwafi ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina. Rahotannin gundumomi na zamanin Turawa suna ajiye a ma'ajiyar takardu ta Kaduna, mai nema zai samu.

Na uku, hakimai da dagatai su zaɓi ko da gini guda a kowace gunduma a ba shi aikin yi, ya zama ɗakin karatu ko ajin yaƙi da jahilci. Ku dubi tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ginin ƙasa ne, yana nan tsaye, domin an mai da shi gidan tarihi ana shiga ana fita. Gidan da ake shara ba ya faɗuwa farat ɗaya.

Dattawan da suka ga ayari da idonsu saura kaɗan, kowace shekara kuma raguwa suke yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Malamai, ku fara a wannan zangon karatu. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanarsu, amin.