Hasken Da Ke Cikin Zoben Awon Lafiya

Wanda duk ya sa irin zoben nan na zamani da ke awon lafiyar jiki, ba zai daɗe ba sai ya lura da wani ɗan haske yana ƙyaftawa a ƙarƙashin yatsarsa, wani sa'i kore, wani sa'i ja, musamman cikin dare in an kashe fitila. Waɗansu sukan tsorata, su ɗauka zoben ya lalace ko yana ƙona fata. Alhali kuwa wannan haske shi ne idon zoben, in babu shi, abin ya zama ƙarfen ado kurum.

Yaron da ya taɓa kifa tafin hannunsa a bakin tocila ya riga ya ga asalin dabarar, domin yatsunsa sukan koma jajawur. Dalili shi ne jini yana shanye koren haske, ya ƙyale ja ya wuce. To, duk sa'ad da zuciya ta buga, sai jini ya cika ƙananan jijiyoyin yatsa, kafin bugu na gaba kuma ya ragu. Zoben yana da 'yan fitilu ƙanana a cikinsa masu harba haske cikin fata, da wani ɗan ido a gefensu mai auna abin da ya dawo. In jini ya cika, haske kaɗan ke dawowa. In ya ragu, sai ya dawo da yawa. Wannan hawa da sauka zoben ke ƙirgawa, ya aika wa wayar mai shi adadin bugun zuciyarsa a minti guda.

Koren hasken ba ya nutsewa da nisa cikin nama, saboda haka motsi bai cika ruɗa shi ba, shi ya sa aka fi ganinsa da rana ko lokacin motsa jiki. Akwai kuma wani haske da ido ba ya gani, ana ce masa infirared, wanda ke aiki shiru mutum yana barci. Ja kuwa aikinsa ya fi nauyi, watau awon iskar oksijin da ke cikin jini. Jinin da ya ƙoshi da iska ya fi shanye infirared, wanda iskarsa ta yi ƙaranci kuma ya fi shanye ja, sai a gwama biyun a fitar da lissafi. Wani injiniya ɗan ƙasar Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano wannan hanya cikin 1972, kuma ita ce ke cikin ɗan abin nan da ma'aikatan asibiti ke maƙala wa majinyaci a yatsa. Kamfanin Oura na ƙasar Finlan, wanda aka kafa cikin 2013, yana cikin waɗanda suka fara dunƙule ta cikin zobe, kana Samsung ya fito da nasa cikin 2024.

Sai dai haske ba ya ratsa kowace fata daidai wa daida, kuma nan ne maganar ta shafi baƙar fata. Cikin 2020 likitocin Jami'ar Mishigan ta Amurka suka gwada awon na'urar asibiti da awon jinin da aka ɗiba da allura. Suka tarar a tsakanin majinyatan da na'ura ta nuna iskarsu ba laifi, kusan kashi 12 cikin ɗari na baƙaƙen fata iskarsu ta riga ta faɗi ƙwarai, alhali a wajen farar fata abin bai kai kashi 4 ba. Na'urorin asibiti aka gwada, ba zobba ba, amma hasken guda ne, dabarar ma guda. Abin da ke ɗan taimakon zobe shi ne fitilunsa suna zama ta wajen tafin hannu, inda fata ta fi haske. Saboda haka zoben da ya juya, fitilu suka koma bayan yatsa, ko wanda ya yi wa yatsa yawa yana lilo, awonsa ba abin dogara ba ne. Haka nan sanyin hunturu yakan janye jini daga yatsu, baƙin ƙunshi kuma yana iya tare haske.

Mutumin da numfashi ke yi wa wuya, ko ƙirjinsa ke ciwo, asibiti zai nufa ko da zobe ya nuna masa kashi 98 cikin ɗari.

Akwai kuma masu tallar zobba marasa suna, masu cewa haskensu yana auna sukarin jini ba tare da an huda fata ba. A watan Fabrairu na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da wani zobe ko agogo ya yi wannan aiki ba. Haɗarin a fili yake: mai ciwon sukari da ya dogara ga lambar ƙarya yana iya yi wa kansa allurar insulin fiye da kima, sukarinsa ya faɗi, ya suma, har ma ya rasa ransa cikin 'yan sa'o'i.