Kafin Mu Nemi Ƙuri'ar Raba-Gardama, Wa Ke Riƙe da Kunnenmu?

'Yan'uwana ɗalibai, daga ɗakunan kwananmu har teburin mai shayi a Kwarbai, magana ɗaya ake ta yi: wakilanmu na Abuja sun gaza, gara a riƙa tambayar talaka kai tsaye. Ni ma ina tare da wannan ra'ayi. Tsarin mulkin 1999 bai ba mu ƙuri'ar raba-gardama ba sai a 'yan wurare, kamar ƙirƙirar sabuwar jiha ko yi wa ɗan majalisa kiranye. Wannan ya yi kaɗan. Amma fa, ƙuri'a ba ta fin labarin da mai jefa ta ya ji kyau. A lokacin yaƙi kuwa, labari shi ma makami ne.

Mu leƙa maƙwabta. A ranar 28 ga Satumba 1958, Faransa tana tsakiyar yaƙin Aljeriya, Janar De Gaulle ya tambayi ƙasashen da suke ƙarƙashinsu: za ku zauna da mu ko za ku tafi? A Nijar, Djibo Bakary da jam'iyyar Sawaba suka ce a kaɗa "a'a". Faransa ta turo sabon gwamna, aka yi amfani da sarakuna da tsoratarwa, "eh" ta ci da kusan kashi 78 cikin 100. Shekara na zagayowa aka haramta Sawaba. An tambayi jama'a kam, amma wani ne ya riga ya rubuta amsar.

Haka a Mali a watan Yunin 2023. Sabon tsarin mulki ya samu kusan kashi 97, alhali ana yaƙi, ba a yi zaɓe a Kidal ba, an kuma rufe RFI da France 24 tun 2022. To wace gardama aka raba?

Kada wani ya ce wannan can ne. A nan Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam yana edita, lokacin da ake ta raɗe-raɗin za a miƙa ƙasar nan ga Jamus. Da yaƙi ya ɓarke, ita ta riƙa kai wa kakanninmu labarin fagen daga ta bakin Ingila. Wato tun tuni manyan ƙasashe suka san darajar kunnen Bahaushe.

Yanzu abin ya dawo cikin waya. A Disambar 2020 Facebook ya sanar da goge shafukan bogi masu alaƙa da Rasha da kuma wasu mutane masu alaƙa da sojan Faransa, suna yaƙar juna a kan Afirka. Ka ga ke nan babu waliyyi a cikinsu. Sannan a Agustan 2024, zanga-zangar da yunwa ta haifar ta wayi gari da tutocin Rasha a Kano da Kaduna, mu a Zariya muka sha dokar hana fita ta awa 24. Yunwar gaskiya ce, wallahi. Amma wa ya ce tutar wata ƙasa ce maganinta?

Shi ya sa nake cewa mu nemi abu biyu tare: 'yancin yanke hukunci da kanmu, da 'yancin jin kowane ɓangare kafin mu yanke. Ɗaya ba ya tsayawa in babu ɗayan.

Kuma mu fara daga gida. Ƙungiyarmu ta ɗalibai ta riƙa kawo kasafin kuɗinta gaban babban taro, a karanta, a yi muhawara, a kaɗa ƙuri'a. Kai kuma ɗan'uwa, in an turo maka sautin murya a WhatsApp, tambayi kanka: wa ya yi shi, yaushe, me zai samu in na yarda? In babu amsa, kar ka tura wa Hajiya a gida, domin ita ta ɗauka duk abin da ɗan boko ya turo ya tantance shi.

Allah Ya ba mu zaman lafiya.